Giwa mai fuka-fuki: Wa ya mallaki Nigeria Airways, me ya kashe shi, kuma me ya rage wa irinmu 'yan Gombe?

Ranar da aka bugo mini waya daga gida cewa jikin Kawu ya yi tsanani, ina shago a Agege. Shi ya riƙe ni tun ina ƙarami, don haka ban tsaya lissafin kuɗi ba, na sayi tikitin jirgi na washegari: Legas zuwa Abuja, daga Abuja zuwa Gombe. Na sauka Abuja lafiya da safe. Ina zaune ina jiran jirgi na biyu aka sake kira na, aka ce rai ya yi halinsa, amma za a jira ni zuwa la'asar. Can sai sanarwa ta fito cewa an ɗage tashinmu. Bayan awa huɗu aka ce an soke, sai jibi. Ba zan kama sunan kamfanin ba, don ba shi kaɗai ke yin haka ba. Na fita na nemi mota, muka bi ta Jos da Bauchi, ban shiga Arawa ba sai bayan tsakar dare. An riga an kai Kawu makwancinsa. Allah ya jiƙansa da rahama.

Duk wanda ke zaune a Kudu ya san wannan fargaba. Mu ba ma ajiye gawa, kuma tsakanin Legas da Gombe akwai tafiyar fiye da kilomita 1,000. Na Fatakwal da na Anacha da na Sabon Badun duk labarin ɗaya ne.

Bayan sadakar uku muna kwashe kayan ɗakinsa, sai ga wata tsohuwar koriyar jaka da ya je aikin hajji da ita tun kafin a haife ni. A jikinta akwai hoton giwa da fuka-fukai. Wani ɗan ƙanwata da ke aji biyar na sakandare ya ce, "Kawu, wannan tambarin wace ƙungiya ce?" Na ce masa na kamfanin jirgin saman Najeriya ne. Ya ce, "Au, dama Najeriya ta taɓa yin jirgi nata na kanta?" Tambayar yaron nan ce ta sa na zauna na rubuta wannan bayani, domin na tabbata yaranmu da aka haifa a Idi-Araba ko Mile 12 su ma ba su sani ba.

Asalin kamfanin

Harkar jirgin sama a ƙasar nan daga Arewa ta faro. A ranar 1 ga Nuwamban 1925 jiragen sojan saman Ingila guda uku suka sauka a Kano, sun taso daga Masar. A 1936 kuma jiragen fasinja da wasiƙu na Turawa suka fara zuwa Kano ta Khartum. Shi ya sa filin jirgin Kano ya girmi duk sauran na ƙasar.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, a 1946, Turawan mulki suka haɗa ƙasashe huɗu da ke hannunsu, wato Najeriya da Gana (a lokacin ana ce mata Gwalkwas) da Saliyo da Gambiya, suka kafa musu kamfani ɗaya mai suna West African Airways Corporation, ana taƙaita shi da WAAC. Hedikwatarsa tana Ikeja, nan kusa da inda da yawanmu ke neman abinci a yau. Da Gana ta sami 'yanci a 1957 sai ta ware ta kafa nata, haɗin gwiwar ta watse.

A 1958 Najeriya ta kafa nata kamfanin a kan abin da WAAC ya bari, ya fara aiki ranar 1 ga Oktoba na wannan shekara. To ga inda maganar mallaka ta shigo, kuma ina so a lura da ita. Da farko gwamnati kashi 51 cikin 100 kawai take da shi. Ragowar na kamfanonin Ingila biyu ne: Elder Dempster mai jiragen ruwa yana da kusan kashi ɗaya cikin uku, sai BOAC mai jiragen sama yana da abin da ya rage. A 1961, shekara guda bayan samun 'yancin kai, gwamnati ta saye hannun jarinsu duka, kamfanin ya zama nata ita kaɗai. A 1971 aka tabbatar masa da sunan Nigeria Airways a hukumance. Daga 1961 har ya mutu, ba a ƙara samun wani mai hannun jari a cikinsa ba sai gwamnatin tarayya.

Ayyukan da ya yi

A zamanin da yake tashe, musamman shekarun 1970 da kuɗin man fetur suka shigo zuwa farkon 1980, kamfanin yana da jirage kusan talatin. Akwai ƙananan Fokker F27 da F28 na cikin gida, akwai Boeing 707 da 737, akwai DC-10 na dogon zango, daga baya aka sayo Airbus A310. Dukkansu fari da kore, launin tutar ƙasa.

Ayyukansa kashi uku ne. Na farko zirga-zirgar cikin gida. A Arewa yana zuwa Kano da Kaduna da Jos da Maiduguri da Sakkwato da Yola, a Kudu kuma Legas da Inugu da Fatakwal da Kalaba da Binin. Ba duk hanyoyin nan ne ke kawo riba ba, amma ana yin su, domin an ɗauki kamfanin a matsayin abin da ke haɗa ƙasa, kamar gidan waya da jirgin ƙasa.

Na biyu ƙasashen waje: Landan, Rum, Amstadam, New York, Jidda, da biranen maƙwabta irin su Akara da Abijan da Dakar. Abin da matasa ba su sani ba shi ne, jirgin Landan yana yada zango a Kano. Ɗan Arewa ba sai ya gangaro Legas ba kafin ya fita waje.

Na uku, wanda ya fi shafar gidajenmu, jigilar alhazai. Kakanninmu sun yi watanni, wasu ma shekaru, a kan hanyar Makka ta Chadi da Sudan. Jirgi ya mayar da tafiyar ta 'yan sa'o'i. Mutanen Gombe a lokacin sai sun yi tattaki zuwa wani babban gari mai filin jirgi, su kwana a sansanin alhazai suna jiran a kira su. Kawu ya sha ba mu labarin kwanakin da suka yi a Kano kafin su tashi, da yadda rabin unguwa ta rako su tasha.

Sai dai a wannan fannin ne kuma aka sami manyan masifu biyu da Arewa ba ta manta ba. Ranar 22 ga Janairun 1973, jirgin Boeing 707 na kamfanin Alia na ƙasar Jodan, wanda Nigeria Airways ya ɗauko shata don dawo da alhazai daga Jidda, ya yi hatsari wajen sauka a Kano, mutum 176 suka rasu. Ranar 11 ga Yulin 1991 kuma, jirgin DC-8 na kamfanin Nationair na Kanada, shi ma na haya, ya tashi daga Jidda zai nufi Sakkwato. Tayoyinsa ba su da isasshiyar iska, suka fashe a kan titin tashi, wuta ta kama, ya juyo zai sauka bai kai ba. Duk mutum 261 da ke ciki suka riga mu gidan gaskiya. Allah ya gafarta musu. Duka jiragen biyu na haya ne, domin ko a lokacin da kamfanin ke da ƙarfi, jiragensa ba sa isar aikin hajji.

Abin da ya kashe shi

Ba rana ɗaya giwar ta faɗi ba. Tun a 1979 gwamnati ta ga alamar matsala, ta ɗauko kamfanin KLM na Holan ya riƙe ragamar gudanarwa na shekara biyu. Da suka tafi aka koma gidan jiya.

Matsalolin sanannu ne. Kusan duk gwamnatin da ta zo sai ta sauya shugabannin kamfanin, don haka ba wanda ke daɗewa har ya ga ƙarshen tsarin da ya faro. Ma'aikata sun yi wa jiragen yawa, domin kowane babba yana da nasa da zai cusa. Ma'aikatun gwamnati suna hawa bashi ba sa biya. Akan janye jirgi daga hanyarsa don hidimar wani babban mutum, fasinjojin da suka biya kuɗinsu su yi ta zama. Tsofaffin matafiya har yau suna ba da labarin yadda ake sayar da tikiti fiye da kujeru, in an buɗe ƙofa kowa ya tattare babbar rigarsa ya ruga da gudu zuwa bakin jirgi, wanda ya riga shi ke da kujera.

Sannan ga karyewar naira daga 1986. Jirgi da kayan gyaransa da inshorarsa duk da dala ake biya, fasinjan cikin gida kuwa naira yake bayarwa. Bashi ya yi ta taruwa, har ana riƙe jiragen kamfanin a ƙasashen waje saboda kuɗin gyara da ba a biya ba. A daidai lokacin kuma aka buɗe wa 'yan kasuwa ƙofa, irin su Kabo Air na marigayi Alhaji Muhammadu Adamu Ɗankabo, wanda aka kafa a Kano a 1980, da Okada Air, daga baya kuma Chanchangi na Kaduna. Fasinja ya sami zaɓi, ya juya baya.

Obasanjo ya sha faɗin cewa da ya sauka daga mulkin soja a 1979 ya bar jirage kusan talatin, da ya dawo a 1999 ya tarar da abin da bai taka kara ya karya ba. Gwamnatinsa ta kafa kwamitin bincike ƙarƙashin Mai Shari'a Nwazota, wanda ya bankaɗo ɓarnar kuɗi mai yawa. A 2003 kamfanin ya daina tashi, yana ɗauke da bashin ɗaruruwan miliyoyin dala, aka shiga sayar da kadarorinsa. Dubban ma'aikatansa suka yi shekaru suna bin haƙƙinsu, da yawa sun mutu ba su karɓa ba. A 2018 gwamnatin Buhari ta amince a saki naira biliyan 22 da 'yan kai, wato kusan rabin abin da suke bi.

Yunƙurin maye gurbinsa

Manyan gwaji biyu aka yi. A 2004 aka kafa Virgin Nigeria, inda kamfanin Virgin Atlantic na Ingila ke da kashi 49, 'yan kasuwar Najeriya ke da 51. Ya fara tashi a 2005. Ba a yi nisa ba aka sami saɓani da gwamnati, Turawan suka janye, aka sauya masa suna har sau biyu, a 2012 ya rufe yana amsa sunan Air Nigeria.

Na biyu duk mun gani da idonmu. A Yulin 2018 ƙaramin ministan jiragen sama Hadi Sirika ya ƙaddamar da suna da tambarin Nigeria Air a wani bajekolin jirage a Ingila, bayan wata biyu aka dakatar. A 2022 aka dawo da maganar, aka ce kamfanin jirgin Habasha zai riƙe kashi 49, 'yan kasuwar gida 46, gwamnati 5. Ƙungiyar masu kamfanonin jiragen cikin gida ta garzaya kotu. Ranar 26 ga Mayun 2023, saura kwana uku gwamnati ta sauka, wani jirgi mai fentin Nigeria Air ya sauka a Abuja, daga baya aka gane na Habasha ne, kuma ya koma inda ya fito. Sabon minista Festus Keyamo ya dakatar da shirin, a 2024 kuma babbar kotun tarayya a Legas ta soke yarjejeniyar.

Darasi daga tsibirai da Habasha

Abin da ke ba mutane mamaki shi ne ƙananan ƙasashen da ke tsakiyar teku suna da kamfanin jirginsu, mu da muka haura mutum miliyan 200 ba mu da shi. Mauritius, wadda mutanenta ba su kai miliyan ɗaya da rabi ba, ta kafa Air Mauritius tun 1967, da haɗin gwiwar gwamnati da kamfanonin waje irin su Air France. Da korona ta zo a 2020 kamfanin ya durƙushe, gwamnati ta zuba kuɗi ta tashe shi a 2021. Seychelles, mai mutum kusan dubu 100, ta sayar wa Etihad na Abu Dhabi kashi 40 na kamfaninta a 2012, a 2021 ta karɓe abinta. Cape Verde, maƙwabciyarmu a yammacin Afirka, ta sayar wa wani kamfanin Iceland kashi 51 a 2019, bayan shekara biyu ita ma ta ƙwace.

Ka ga ke nan su ma suna asara, suna saye suna sayarwa. Bambancin kawai, su ba su da mota ba su da jirgin ƙasa zuwa wata ƙasa. Ranar da jirgi ya daina tashi, ba baƙon yawon buɗe ido, ba fitar da marar lafiya, kowa zai ji a jikinsa, har da mai mulki. Dole ta sa suke sa ido. Mu kuwa da giwarmu ta faɗi, manya sun koma jiragen Turawa da na shata, talaka ya koma motar dare.

Masu cewa duk abin da gwamnati ta mallaka sai ya lalace, su dubi Habasha. An kafa Ethiopian Airlines a 1945, gwamnati ce ke da shi ɗari bisa ɗari har yau, kuma shi ne mafi girma a Afirka. An yi sarki, an yi mulkin soja, an yi yaƙi, amma galibi an bar ƙwararru suna tafiyar da shi a matsayin kasuwanci. A nan gida ma jihar Akwa Ibom ta kafa Ibom Air a 2019, 'yan uwanmu na Uyo da Kalaba shaida ne yana aiki. A ɗaya ɓangaren, kamfanoni masu zaman kansu nawa suka mutu a ƙasar nan? Okada, Chanchangi, Albarka, Bellview, Sosoliso, duk ina suke? Saboda haka ni a ganina sunan mai kamfani ba shi ne matsalar ba. Abin dubawa shi ne wa ke riƙe da ragama, kuma wa zai tuhume shi in ya ɓata.

Ina Gombe a cikin wannan lissafi?

An ƙirƙiro jihar Gombe a 1996, lokacin da Nigeria Airways ke kan gargara. Filin jirginmu na Lawanti, a kan hanyar Bauchi, an gina shi ne a zamanin Gwamna Danjuma Goje, bayan kamfanin ya riga ya mutu. Wato giwar ba ta taɓa sauka a Lawanti ba. Alhamdu lillahi, yanzu alhazanmu daga gida suke tashi, ba sai an je wani gari an kwana a sansani ba. Kamfanonin 'yan Arewa irin su Max Air na Alhaji Ɗahiru Mangal sun shiga jigilar alhazai da ƙarfinsu, akwai kuma Rano a harkar cikin gida.

Amma zirga-zirgar yau da kullum ita ce inda gizo ke saƙar. Ɗan kasuwa riba yake bi, kuma ba laifinsa ba ne. Hanyar Legas zuwa Abuja tana cika jirgi sau da yawa a rana. Hanyar Gombe kuwa wata rana a cika, wata rana rabi. In kamfani yana da jirage biyar, biyu suna wajen gyara, wace hanya kake jin zai fara sokewa? Tamu. Ga hazo lokacin hunturu, ga tsadar man jirgi. Shi ya sa kamfani zai zo da ganga da biki, bayan 'yan watanni ka nemi jirginsa ka rasa. Abin da muka yi asara da mutuwar kamfanin ƙasa shi ne mai zuwa garin da ba riba, saboda an wajabta masa zuwa.

Kuma ba dole sai an sayi jirage an yi musu fenti kafin a magance wannan ba. Amurka, uwar jari-hujja, tun 1978 take da tsarin da gwamnati ke biyan kamfanoni masu zaman kansu tallafi don kada su daina zuwa ƙananan garuruwa. Ana yin yarjejeniya a fili: sau kaza a mako, kujeru kaza, in ka saɓa a karɓe a ba wani. Indiya ma ta fito da makamancinsa a 2016. Jihohin Arewa maso Gabas shida ne. In suka haɗa kai suka yi irin wannan yarjejeniya a bayyane, kowa ya san nawa aka biya da abin da aka saya da kuɗin, zai fi mana amfani a kan wani sabon tambari.

Shawarata ga 'yan uwa

Zaɓe na tafe, kuma za a sake yi mana alƙawarin jirgin ƙasa da na sama. 'Yan siyasa suna zuwa fadar Sarkin Hausawa a Agege da Shasha da Fatakwal neman ƙuri'a, ƙungiyoyinmu na 'yan jiha ma suna ganawa da gwamnoni in sun shigo Legas. Duk wanda ya ce zai kafa kamfanin jirgi, na tarayya ko na jiha, a yi masa tambaya uku. Kuɗin wa za a zuba, kuma wa ke da kashi nawa? Wa zai naɗa shugabanni, kuma gwamna ko minista zai iya korar su ranar da ya ga dama? Waɗanne garuruwa aka rubuta dole jirgin ya je, sau nawa a mako? Wanda ya kasa amsa ukun nan, fenti kawai zai sayar mana.

Kafin nan, ga abin da na koya da tsada. In tafiyar gaggawa ce, ka nemi jirgin farko na safe, domin jinkiri yana taruwa ne zuwa yamma. Kada ka dogara da hanya ɗaya: duba na Bauchi ko Yola ko Kano, daga can ka ƙarasa da mota. Ka riƙe kuɗin mota a aljihu ko da tikiti a hannunka. In an soke tafiyarka kana da haƙƙin a mayar maka da kuɗinka, kuma hukumar NCAA tana da sashen karɓar koken fasinja a manyan filayen jirgi, kada ka yi zuciya ka bar musu. Sannan ka gaya wa na gida tun da wuri, in ta Allah ta kasance kada su riƙe gawa saboda kai.

Jakar Kawu tana wurina yanzu a Agege. Ɗan ƙanwata ya roƙe ni in bar masa, na ce sai ya gama makaranta. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya kai kowa gida lafiya.